Hoton Telan Satwa

A watan Oktoban shekarar 2016 muna zaune a unguwar Satwa a Dubai, hawa na uku na wani tsohon gini da lif ɗinsa ke aiki ranar da ya ga dama. Mu uku ne, ni da maigidana da 'yarmu ɗaya tilo, wadda a lokacin take shekara takwas. Shi yana aiki a wani sito a can Dubai Investments Park, yana kula da shige da ficen kaya, ni kuma ina ɗakin gwajin jini na wani ƙaramin asibiti. Kamar kowane baƙo a garin, zamanmu duk a kan biza ya rataya. Mun san haka, kuma muna taka ƙasa a hankali.

Bayan gininmu akwai lungun teloli. Ƙananan shaguna ne a jere, na Indiyawa da 'yan Pakistan da 'yan Bangaladash, wuni ake yi ba a jin komai sai ƙarar keke da hucin dutsen guga. Ina hango su daga baranda in na fito shanya, amma ban san fuskar ko ɗaya ba, don ni ɗinkina daga Kano ake aiko min.

Makarantar 'yata ta tara yara daga ƙasashe da yawa, mu iyaye mata kuma muna da guruf a waya, inda ake tambayar aikin gida da cigiyar gorar ruwan da ta ɓata. A nan na fara ganin bidiyon. Turawa suna da wani ɗan wasan ban dariya da suke kira kilawun, wanda yake shafe fuska da farin fenti, ya maƙala jan hanci kamar tumatir, ya ɗora gashi mai launi. Bikin yara ake gayyato shi. To a wannan shekarar sai aka ce a Amurka wasu sun mai da shigar ta zama abin tsoratarwa. Sai su tsaya a bakin daji ko a gefen titi, ba sa cewa uffan, suna yafito yara da hannu. Wani bidiyon har da adda. Da farko kallo nake yi in wuce, ina cewa na Amurka ai sai Amurka. Cikin mako biyu aka ce abin ya shiga Ingila, daga nan aka fara cewa ya iso ƙasashen Larabawa. Wata uwa ta rubuta cewa ƙanwar maƙwabciyarta ta ga ɗaya a wurin ajiye motoci. Ba wanda ya tambaye ta wane wuri.

Ran wata Laraba da na tashi aiki da wuri, 'yata ta sauko daga motar makaranta, ta riƙe gefen abayata gam, ta ƙi saki har muka hau sama. Da na matsa mata sai ta ce ta ga kilawun a bayan gidanmu, ta tagar mota, mai gashi ruwan lemo. Na tambaye ta ko ya yi mata magana, ta ce a'a, yana tsaye ne kawai. Na ce mata idonta ne. Amma ban yarda da abin da na faɗa ba, don washegari sai da na nemi izini a wurin aiki na zo na tarye ta da kaina, ina waige-waige kamar wadda ta yi sata.

Ranar Asabar ba ni da aiki, shi kuwa maigida ya tafi sito. Bayan la'asar na fito baranda kwashe shanya, sai na gan shi. Yana tsaye a tsakiyar lungu, cikin wata burmemiyar riga rabi ja rabi rawaya, da gashin nan ruwan lemo, da jan hancin. Fuskarsa babu fenti, ana ganin gashin baki da tabarau. Ya juya dama, ya juya hagu, ya buɗe hannaye, sannan ya ɗaga kai yana duban wajen ƙofar gininmu, inda yaran Filifinawan hawa na ɗaya suke buga ƙwallo.

Ba zan ce na yi tunani ba. Wayar tana hannuna, na ɗauki hoto biyu, na koma ɗaki na kulle ƙofar baranda kamar zai iya hawowa. Na tura wanda ya fi fitowa a guruf, na rubuta a ƙasa cewa ga shi nan a bayan gidanmu a Satwa yanzu-yanzu, kowa ta kula da yaranta. Na tuna har wani daɗi na ji da saƙonni suka fara shigowa, ana yi min godiya, ana cewa Allah ya tsare. Da na sake leƙawa, lungun ba kowa sai wani mai keke da ya ɗauko bandir ɗin yadi.

Kafin magariba hoton ya dawo min ta wata hanya. Matar wani ɗan kasuwa ɗan Kano da ke zaune a unguwar Al Ras ce ta turo, daga guruf ɗinsu na matan 'yan kago masu aika kaya gida, tana cewa ai unguwarku ce, ku yi hattara. Rubutun da ke ƙasa ba nawa ba ne. An ce wai ya kama hannun wata yarinya, mutane suka bi shi ya tsere. Na karanta sau uku. Na rubuta mata cewa ba haka aka yi ba, ta ce ita ma haka aka turo mata.

Da maigida ya dawo na miƙa masa wayar tun bai cire takalmi ba. Ya buɗe hoton da yatsu biyu, ya daɗe yana kallo, sai na ga ya zauna a hannun kujera.

"Wannan ai telan da ya rage min tsawon kaftanina ne da sallah," ya ce. "Shago na huɗu. Wa ya ɗauke shi?"

Na ce ni ce.

Bai ɗaga murya ba, kuma da ya yi faɗa da ya fi min sauƙi. A hankali ya tuna min abin da na riga na sani na manta: a ƙasar nan ɗaukar hoton mutum ba da izininsa ba laifi ne, yaɗa shi laifi ne, yaɗa jita-jita kuma wani laifin ne na dabam. Ana cin tara, ana ɗaurewa, baƙo kuma a kan sa shi a jirgi. Ya ce ba wuya a bi saƙo har a gano wayar da ya fara fita, balle hoton da kansa ya nuna daga wace baranda aka ɗauka. Na karɓi wayar na duba. Ga ƙarfen barandarmu a gefe, ga bakin shuɗin zanen gadona da ke kan igiya. Na goge hoton daga wayata, na rubuta a guruf cewa kuskure ne, don Allah kowa ta goge. Mutum biyu suka amsa. Magana zarar bunu ce, na sha jin haka a bakin kakata, amma ban taɓa ganin ta da idona ba sai ranar.

Da safe yayata ta turo min hoton daga Kano. A nata labarin an ƙara cewa yana riƙe da wuƙa.

Lahadi ita ce ranar farko ta aiki a wancan lokacin. Na je asibiti. Duk sanda wayar ofis ta yi ƙara sai gabana ya faɗi. Wani mutum ya shigo da farar kandura, doguwar rigar 'yan ƙasar, da takarda a hannu, na tsaya da kwalbar jini ban iya motsi ba, ashe gwajin suga ya zo yi. Sau biyu na sake duba sunayen da na liƙa a kwalabe, don ban yarda da hannuna ba.

Akwai wata babbar nas a wurinmu, Ba'amurkiya baƙar fata, ta girme ni da kamar shekara goma. Mace ce mai yawan shiru, amma ba abin da ke wuce ta. Lokacin shan shayi ta same ni a ɗan ɗakin da muke hutawa, ta ce tun safe take ganin kamar an aiko min da mugun labari daga gida. Ban yi niyyar faɗa wa kowa ba, amma sai na ji ina faɗa mata duka.

Na zaci za ta yi min faɗa ko ta ba ni haƙuri. Sai ta tambaye ni ko na ɗauka wannan abin sabo ne. Ta ce tana 'yar shekara goma a Boston, a farkon shekarun 1980, aka yi irinsa sak. Yara suka fara cewa wasu masu shigar kilawun suna yawo a cikin baƙar mota mai rufi, suna nuna musu alewa. Makarantu suka gargaɗi iyaye, uwarta ta hana ta zuwa ko kantin bakin layi. 'Yan sanda suka riƙa tare motoci, sun kuma tare masu shigar da yawa, amma duk wanda aka tsayar sai a tarar bikin wani yaro zai je ya nemi abincinsa. Ba babba ɗaya da ya ga motar da idonsa. Labarin ya tsallaka wasu garuruwa, ya yi 'yan makonni, ya mutu. Ta ce tun daga nan yake dawowa duk bayan wasu shekaru, yawanci in kaka ta yi.

Na tambaye ta daga ina tsoron ya samo asali, tunda ba a taɓa kama kowa ba. Ta ce kafin nan da 'yan shekaru an kama wani mutum a kusa da Chicago da ya kashe samari masu yawa, sai jaridu suka samo hotunansa sanye da kayan kilawun, don yakan yi wa yara wasa a bukukuwan unguwa. Hoton ya zauna a zukatan mutane. Sauran kuma aikin baki ne.

Ta kawo min wani misalin. A ƙarshen Oktoba suna da bikin da suke kira Halowin, yara su yi shigar dodanni su bi gida-gida ana ba su alewa, kusan kamar tashen da muke yi da azumi. Ta ce duk ƙuruciyarta ana gargaɗinsu cewa baƙi suna sa guba a alewar, har asibitin da ta fara aiki yakan buɗe na'urar hoton ƙashi kyauta a kawo alewa a haska. Amma yaron da kowa ya sani ya mutu ta wannan hanyar, ubansa ne ya ba shi, don ya ci kuɗin inshora, ya kuma fake da jita-jitar da ta riga ta cika gari.

Ni ma sai na tuna, na ba ta labarin shekarar da aka ce a Kano akwai lambar waya da in ka amsa jini zai zubo maka ta hanci ka mutu, yadda mahaifiyata ta naɗe wayarta a tsumma ta tura ƙarƙashin gado. Muka ɗan yi dariya, amma tawa ba ta kai ciki ba. Da ta tashi wanke kofinta sai ta juyo.

"A Boston ba wanda ya san sunan mutanen da aka tsayar a hanya," ta ce. "Ke kin san shagon naki."

Da na koma gida na leƙa ta baranda. Shago na huɗu a rufe yake, an ja ƙofar ƙarfe har ƙasa. Haka Litinin, haka Talata. Kullum in na dawo nan nake fara dubawa, in ga sauran shagunan suna aiki, shi kaɗai a rufe kamar giɓin haƙori. Na riƙa kitsa abubuwa a raina: an kama shi, an doke shi, ko kuwa yana can yana shigar da ƙara. Maigida ya ce mu bari ƙura ta lafa, kada mu kai kanmu. Na san tsoro ne ke magana a bakinsa, don ni ma shi ke magana a nawa. Na daina cin abincin kirki. Na fito da fasfo ɗinmu uku na sa a jakar hannu, ban san amfanin yin hakan ba. In an buga ƙararrawar ƙofa, ko mai kawo ruwa ne, sai na leƙa ta hudar ƙofa na daɗe kafin in buɗe.

Cikin kwanakin na sake zaunar da 'yata, na ce ta faɗa min daidai abin da ta gani ran Laraba. Ta ce yana tsaye a ƙofar shago kuma ba shi da hannu. Sai a lokacin na gane mutum-mutumin da teloli ke rataya wa riga ta gani. Da na yi mata wannan tambayar tun ranar farko, da ta ba ni wannan amsar.

Ran Alhamis aka buɗe shagon. Na ce wa maigida zan je, ko da shi ko ba shi. Ya ce in bari sai Juma'a bayan an sauko daga masallaci, mu je tare.

Shagon bai fi ɗakin girkinmu girma ba. Keke biyu, teburin yanka, yadi har rufi. Telan dattijo ne, siriri, ɗan Bangaladash, da awo rataye a wuya. Ya gane maigida, ya yi masa sallama da fara'a, ya janyo mana kujeru. Da Turanci da guntun Larabci muke magana. Maigida ya tambaye shi lafiya aka ga shago a rufe, shi kuwa kamar jira yake a tambaye shi.

Ya ce wani mai shirya bukukuwan yara ne ya ba shi ɗinkin rigar, ya kawo gashin da hancin don a daidaita launi. Da ya gama, mai kayan ya ce a turo masa hoto, kuma tunda tsawonsu ɗaya sai ya saka, ya fito waje inda haske yake, abokin aikinsa ya ɗauke shi daga bakin ƙofa. Minti biyu ba su cika ba. Washegari wasu mutane suka zo ƙofar shagon suna nuna masa waya suna zagi, wata mata ta tofa yawu a gabansa. Mai shagon ya ce ya rufe ya zauna a ɗaki sai abin ya wuce. Shi telan da kansa ya je wurin hukuma ya yi bayani, ya nuna saƙonnin mai kayan, suka saurare shi suka sallame shi, suka kuma ce in ya san wanda ya ɗauki hoton yana da damar shigar da ƙara. Abin da ya fi ci masa rai, in ji shi, hoton ya kai ƙauyensu. 'Yarsa da ake shirin aurarwa ta kira shi tana kuka, dangin mijin suna tambaya.

Maigida ya dube ni. Na ga a idonsa cewa in na yi shiru ba zai ce komai ba, za mu yi masa jaje mu tashi. Na ce, "Baba, ni ce na ɗauka. Daga can." Na nuna barandar ta ƙofa.

Ya leƙa ya dubi barandar, ya dawo ya dube ni. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Abokin aikinsa ya tsayar da keke.

"Hawa uku ne kawai, madam," ya ce. "Me ya sa ba ki sauko kin tambaye ni ba?"

Na ce tsoro na ji saboda 'yata, na ce ya yafe min don Allah. Maigida ya fara maganar ko akwai abin da za mu yi na asarar kwanakin, ya ɗaga masa hannu ya ce ba wannan ba. Ya zauna a kan kekensa, ya ɗora hannu a kan yadi, ya ce in ɗauke shi hoto yanzu, da izininsa, in rubuta gaskiyar abin da ya faru da cewa ni na jawo, in tura inda na tura na farko. Na ɗauka. Na rubuta a gabansa, maigida ya karanta masa, ya ce a ƙara cewa shekararsa goma sha tara a lungun. Na ƙara, na tura. Ya ce in tura masa shi ma, don ya aika gida.

Da muka miƙe maigida ya tambaye shi maganar ƙara. Ya ce zai yi tunani.

Wannan kalmar na kwana da ita na tashi da ita har wajen wata biyu. Saƙon gyaran kuwa bai je ko'ina ba. Uwa uku suka amsa, ɗaya ta ce ai gara a yi hattara da a yi da-na-sani, wata ta fita daga guruf ɗin. Na tura wa matar Al Ras, na tura wa yayata, ban ji ya dawo min ta wata hanya ba ko sau ɗaya. Halowin ya zo ya wuce, zaɓen Amurka ya ɗauke hankalin mutane, aka daina maganar kilawun kamar ba a taɓa yi ba. Ni kaɗai na rage ina jin faɗuwar gaba in baƙuwar lamba ta kira ni. Lokacin sabunta bizata ya zo a farkon shekara, na je gwajin lafiya da ɗaukar hoton yatsu ina jiran a ce in koma gefe. Aka buga min aka miƙo.

Bai shigar da ƙara ba, bai kuma taɓa cewa ya fasa ba. Maigida ya ci gaba da kai masa gyaran kaya, suna gaisawa, shi ya kawo min labarin cewa an ɗaura auren 'yar, ko da yake sai da aka ɗaga shi. Ni in na bi ta lungun ina yi masa sallama, yana amsawa ba tare da ya ɗago daga keke ba. Sau ɗaya na kai masa siket ɗin makarantar 'yata a sake masa lastik. Ya karɓa ya juya shi, ya miƙo min, ya ce aiki ya yi masa yawa, in gwada shago na gaba. Na gwada, suka yi min a take.

Mun bar Satwa a 2019, da aka ƙara wa maigida matsayi muka koma kusa da wurin aikinsa. Ranar da motar kaya ta zo na ce zan je in yi wa telan ban kwana. Na tarar da abokin aikinsa shi kaɗai, ya ce ya tafi gida hutu, sai bayan wata biyu. Na ce a gaya masa matar hawa na uku ta zo. Ya ce zai gaya masa, ya ci gaba da yankansa.